Bilic a Ƙofar Adjara

Duk wanda ya taɓa shiga gidan Adjara a unguwar Stapleton, can ƙasar Turawa, ya san ko tuwo ne ya faɗi a ƙasa, sai a ɗauka a ci. Amma ko kwalbar bilic ɗaya, ruwan nan mai ƙarfin wari na kashe ƙwayoyin cuta, babu a ciki. Mijinta Barmo, direban tasi, yana da ciwon asma, kuma tun ran da warin bilic ya kwantar da shi a asibiti ta tattara kwalaben ta watsar. Da ruwan khal take goge tebur da hannun ƙofa, lemun tsami da gishiri na katakon yanka nama, tsumma kuwa sai ta dafa shi a tukunya kamar ganda. Ran da rana ta fito, filo da bargo duk suna taga.

Sai ga shekarar Ebola, 2014. Ita 'yar Kumasi ce, inda cutar ba ta ma kai ba, rabonta da gida ma an jima, amma wa ya tsaya tambaya? Baƙar fata ce mai ɗaurin kallabi, shi ke nan.

Maƙwabciyarsu, wata dattijuwa da ake kira Misis Dolan, ta tsiro da sabon aiki. Kullum da sassafe sai ta fito da safar roba da galan, ta malale ƙofar su Adjara da bilic tsura, ko ruwa ba ta sirkawa. Tata ƙofar fa ba ta zuba wa, sai tasu. Warin ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya iske Barmo a kan sallaya. Bawan Allah ya dinga tari yana laluben abin shaƙarsa, ƙirjinsa na kuka kamar tsohuwar buta a kan wuta.

Adjara ta kai ƙara wurin mai kula da ginin, ya ɗaga kafaɗa ya ce tsabta ba laifi ba ce. Barmo kuma, da ya samu numfashi, cewa ya yi ta yi haƙuri, ƙasar mutane ce, abin zai wuce. Haƙurin nan nasa ya fi komai ƙona mata rai. Tsoro take ji, tsoron wata safiya abin shaƙar ya ƙi aiki.

"Maigida, kafin abin ya wuce kai za ka wuce," in ji ta.

Washegari bayan ta idar da asuba ta wanke ƙofar da tafasasshen ruwa da khal, ta jawo kujera ta dasa a daidai wurin, ta zauna ba takalmi, kofin shayi a hannu. Can sai ga Misis Dolan da galan ɗinta. Ta yi turus.

Adjara ta gaya mata da Turancinta na Zongon Kumasi, ba ihu ba zagi, cewa akwai mutum a bayan ƙofar nan da wannan ruwan ke shaƙe wa wuya. Matar ta ce ita dai kare kanta take yi, ta ga abin da ake nunawa a talabijin. Adjara ta miƙe ƙafafunta biyu har gaban galan ɗin.

"In ni ce cutar, ga ni. Zuba a kaina, ki bar masa iskarsa."

Matar ta dubi ƙafafun, ta dubi fuskar mai su, ta mayar da murfi ta shige ɗakinta har da murza makulli.

Kada ku ɗauka Adjara ta yarda an gama. Ina! Gobe ma ta fito da kujerarta, jibi ma haka, har sanyi ya shigo ta koma zama cikin bargo. Duk lokacin da waccan ƙofar ta buɗe, sai ta ɗaga kofi ta ce, "Ina kwana, Misis Dolan," da Hausa tsantsa, ita ma ba sirki. Ranar da dusar ƙanƙara ta fara sauka, matar ta fito hannu wayam, ta tsaya tana kallon ƙasa, sannan ta tambaya yaya jikin mijin nata.

"Yana numfashi," in ji Adjara, ta kurɓi shayinta.