Bayan Ya Faɗi

Kwalbar ta fashe a jikin ƙarfen tashar bas ta Thamesmead a Landan, dab da kunnen Zubaida. Wani ƙato da ba ta sani ba ne ya kai mata dukan, yana warin giya da sassafen nan, ya fizge mata mayafi yana zagi, ya sake ɗaga guntun kwalbar.

Yayanta Fa'iz, wanda ya rako ta saboda tana da jarrabawar dokar laifuka da ƙarfe goma, ya yi tsalle ya shiga tsakani. Naushi ɗaya ya sakar wa mutumin a muƙamuƙi, ya zube kamar buhun masara, kwalbar ta yi gefe.

Da a nan aka tsaya, da shi ke nan. Wata uku Zubaida tana haddar wannan babi har ta ishi mutanen gida: doka ta yarda ka kare kanka ko ɗan'uwanka, amma da zarar haɗari ya wuce, duk abin da ka ƙara ramuwa ce. Shi kuwa Fa'iz ina ruwansa da wani babi. Da takalmin aikinsa mai bakin ƙarfe ya shiga shurin haƙarƙarin mutumin, ya koma fuska. Jini ya fantsama har kan littafin da ke hannunta.

"Yaya, ya isa!"

Ko a jikinsa. Tsoro ya rufe ta, sai karatun ya kufce daga bakinta da ƙarfi, da Turanci kuma, kamar yadda malaminsu yake faɗa a aji: ya riga ya faɗi, ba makami a hannunsa, wannan ba kare kai ba ne!

Fa'iz ya tsaya yana haki. Cikin masu jiran bas, uku suna ɗaukar bidiyo da waya.

'Yar sandar da ta zo ta kalli bidiyon sau biyu, ta rubuta kalmomin Turancin nan ɗaya bayan ɗaya. "Ke ce ƙanwarsa? Wannan muryarki ce?"

Zubaida ta gyaɗa kai. Ta fi kowa a wurin sanin abin da lauyan gwamnati zai yi da wannan magana.

Ana tura Fa'iz cikin mota da ankwa, ya waigo.

"Ko da Hausa kika faɗa ma ai zan ji," ya ce a hankali. "Ga bas ɗinki can. Je ki, kar ki yi missing exam. Na ga kin iya."