Ɓauren Mma Fusena

A lambun unguwa da ke bayan titin Grand Concourse a New York kowa na da ɗan feginsa, amma Fusena kaɗai ke da bishiya. Sauran mutanen, yawancinsu 'yan Zangon Kumasi da Nima, kuɓewa suke shukawa da gauta da barkono, abin da za a tsinka a jefa a miya kafin sanyi ya dawo. Ita kuwa ɓaure ta dasa a jikin katanga, ta kafe a kansa kamar wadda ta gaje shi daga ubanta.

Wannan ɓauren ya bambanta da na gida mai ƙwari a ciki. Wani tsoho Ba'italiye da ta yi jinya a aikinta na kula da tsofaffi ne ya ba ta reshe, ya kuma ja mata kunne. Ya ce irin nan mai saurin nuna ne, tun cikin Yuli yake nuna, amma a jikin reshen bara kaɗai 'ya'yan kirki suke fitowa. Na baya, masu fitowa a sabon reshe, zubewa suke yi tun suna ɗanyu. Masu jin Sifaniyanci a lambun breba suke ce wa waɗannan 'ya'yan farko. Saboda haka duk aikin shi ne a raba tsohon reshe da sanyin New York, wanda ba ya jin kunyar kowa.

Duk ƙarshen kaka sai ita da mijinta Ishawu su naɗe bishiyar da tsofaffin barguna da buhu, su ɗaure da igiya, su kifa mata bokiti a ka. Shekara biyu a jere sanyi ya ci bargunan ya ci rassan, bishiyar ta mutu har gindi, ta sake tohowa. Ishawu direban tasi ne, mutum mai sanyin hali, bai taɓa tambayarta amfanin wahalar ba. Iyakarsa ya ce, ko ɗaya bai taɓa sa wa bakinsa ba amma ya fi kowa sanin nauyin bargon ɓaure.

A bana sanyin ya sassauta. Da Fusena ta kwance bargunan a watan Afrilu ta kankare ɓawon da farce, sai ta ga kore shar. Ta bi rassan da ido, ga ƙananan ƙulli sun fara turowa kamar ƙwayar wake. Ta yi hamdala, ta yi gum da bakinta.

Dalilin shirun kuwa babba ne. Shari'ar takardun zaman ƙasa na Ishawu ta ƙare, alƙali ya ba shi zuwa ƙarshen Yuli ya bar ƙasar. Tun ranar Fusena ta hana a ambaci tafiyar a gidanta. 'Yarsu Nadia ta taɓa kawo maganar akwati, ta sha kallon da ya sa ta haɗiye sauran. A ran Fusena abu ɗaya ta ƙudura: an fi ƙarfinta a kotu, ta ji, amma mutumin nan ba zai hau jirgi ba sai ya ci ɓauren da ya yi wa bauta. So take ta ɗora masa a hannu ba zato, shi ya sa ko shi ba ta gaya wa ba.

Matsalarta Tamimu ne, shugaban lambun, wanda ke ɗaukar muƙamin nan kamar gwamna ne. Ya daɗe da tsanar bishiyar. Ya ce inuwarta na danne masa kuɓewa, ya ce kuma in an naɗe ta tana kama da gawa a tsaye, yara na tsorata. Ranar aikin gayya ya shigo da zarto, ya tara mutane, ya yi jawabi cewa a gida kowa ya san ana yi wa itace aski kafin ruwa ya sauka, don ya yi ƙarfi. Mutane suka gyaɗa kai, don gaskiya haka ake yi wa darbejiya da mangwaro.

Fusena ta ajiye jakarta ta je ta jingina da bishiyar, ta naɗe hannu. Gajeriya ce, saman bishiyar ma ba ta kaiwa, amma babu wanda ya matso.

"Ciyaman," ta ce, "in za ka yanka, fara da ni."

Tamimu ya ce doka ce ta lambu. Ta ce ya kawo dokar ta gani da idonta. Ya ce za a kaɗa ƙuri'a. Ta ce a kaɗa, tana nan tsaye har a gama ƙirgawa, kuma gobe ma nan za a same ta. Matan da suka san bakinta suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowace ta tuna tana da ciyawar cirewa. Tamimu ya mayar da zartonsa rumfar kayan aiki yana ƙunƙuni. Fusena ta koma gida ranar tana jin kanta, har da sayo wa Ishawu kifi.

Bayan kwanaki kaɗan, ta taso daga aiki da la'asar ta sauko daga jirgin ƙasa na layin D, ta biya lambun kamar yadda ta saba. Tun daga ƙofa ta ga katangar ta yi haske fiye da kima. An sare ɓauren. An bar kututture da 'yan gajerun rassa daidai kafaɗarta, sauran kuwa an tara su gefe, an ɗaure tsaf da igiya, ƙananan 'ya'yan na manne a jikinsu. Farin ƙaro na ɗiga daga wuraren yankan.

Ba ta yi kuka ba, fushi ya riga hawayen. Ta nufi Tamimu da ke durƙushe a feginsa, ta wanke shi tas, ta haɗa da Turanci da Twi inda Hausa ta gaza mata. Ya bar ta ta gama, sannan ya miƙe ya karkaɗe gwiwa. Ya rantse bai taɓa bishiyar ba. Ya ce ɗazu maigidanta ne ya zo ya ari zarto, shi kuwa bai ga dalilin hana mutum gyara itacen matarsa ba. Ya nuna mata bayan rumfa, inda Ishawu ke wanke hannu a famfo.

Ishawu ya taho yana murmushi irin na wanda ya yi abin a yaba masa. Da ya ga fuskarta murmushin ya tsaya. Ta ɗago reshe ɗaya ta nuna masa ƙullin, ta gaya masa abin da suke, da watan da za su nuna, da wanda ta tanadar wa.  Ya dubi reshen, ya ce:

"Maman Nadia, ni ban sani ba. Kin hana a yi maganar tafiya, to ni ma ban gaya maki ba. Winter mai zuwa ba ni nan. Tree ɗin ya fi ki tsawo, wa zai naɗe maki sama? Na rage shi daidai inda hannunki zai kai."

Nan ne abin ya sauka a ƙirjinta. Ita tana shirya masa Yuli a ɓoye, shi yana shirya mata Nuwamba a ɓoye, kuma shirun da ita ta kafa ne ya cinye ɓauren. Ta ji tausayinsa, ta ji kuma kamar ta kwaɗa masa reshen. Babu dabarar da za ta mayar da 'ya'yan nan jikin uwarsu. Ishawu zai tafi bai ɗanɗana ba, wannan kam ya tabbata.

Tamimu ya matso da muryar sasanci, ya ce tunda mai aukuwa ta auku, a kai rassan kwandon shara, shi zai taimaka. Ya miƙa hannu zai ɗauki damin. Fusena ta taka igiyar da ƙafa.

Ta karɓi almakashin lambu daga hannun wata mata, ta durƙusa ta shiga datsa rassan guntu-guntu, kowanne kamar tsawon tafin hannu da rabi, yadda tsohon nan ya ba ta na farko. Ta tsige 'ya'yan ta zubar ba tare da ta kalle su ba. Sannan ta bi jikin katangar tana soka guntayen a ƙasa, ta wuce iyakar feginta, ta bi ta bayan gautan maƙwabciyarta Fatsuma, ta kai har gefen kuɓewar Tamimu. Ya buɗe baki zai ambaci doka, ya dubi idonta, ya rufe. Ta ware masu kauri ta cusa a tukwanen roba.

Ishawu ya tambaye ta a hankali na tukwanen fa, na waye.

"Naka ne. Kafin Yuli sun yi saiwa. Ka tafi da su Kumasi ka dasa a tsakar gida, kada ka kuskura ka yi musu aski. Ni zan zo in duba." Karo na farko ke nan da sunan tafiyar ya fito daga bakinta, kuma ta faɗe shi ba tare da ta sunkuyar da kai ba.

Ya tsaya riƙe da tukunya ɗaya, idonsa ya cika. Ta miƙa masa bokiti ta ce ya ɗebo ruwa, ƙasar ta bushe.