Taron Asusu a Jarwal

Kabo bai kai ƙarshen maganarsa ba wani dogon mutum ya miƙe daga can bayan tsakar gidan.

"Dakata, Malam. Ba kai ne Kabo na Sawakin ba?"

Kowa ya juya. Kusan mutum arba'in ne a kan tabarmi, 'yan dako da masu ga-ruwa da mata masu gyaɗa, duk Hausawan unguwar Jarwal ta Makka. Alhaji Abdulganiyyu, ɗan kasuwar da ya ba da aron gidansa, ya riga ya ce a watse kafin la'asar, don rabin jama'ar ba su da iƙama, takardar izinin zama, taro kuwa yana jawo idon shurɗa, 'yan sandan ƙasar.

Da sassafe Kabo ya taso daga Jidda da saƙon ƙungiyar masu jiragen ruwa, wadda shi ya kafa ta shekara shida da suka wuce. Wani gwanin sassaƙa a Yanbu ya yarda ya koya wa samari uku haɗa sambuk, irin jirgin katakon da ke ratsa Bahar Maliya, in za a biya musu ci da kwana na shekara biyu. Ƙungiya ta haɗa rabi, sauran ne ya zo nema a nan. In Rajab ya kama ba a cika ba, gwanin zai ba wasu gurbin.

"Ni ne," in ji Kabo.

"Sunana Mukhtaru, tela ne ni. Ba za ka gane ni ba. Shekara goma sha biyu ke nan da ka ɗauko mu a jirginka daga Sawakin ta Sudan, ni da matata Fatsuma. Ni kaɗai na iso."

Wata dattijuwa, Sa'adatu, da ta riga ta kwance bakin mayafinta ta fito da riyal biyar, ta tsaya da kuɗin a hannu.

Da Kabo zai iya cewa guguwa ce ta kifar da jirgin, kamar yadda ya saba faɗa a Jidda. Amma idon Mukhtaru na kansa.

"Mutum sittin da ɗaya na ɗauka," ya ce a hankali. "Ashirin da uku muka kai gaɓa. Katakon ƙasan jirgin ya ruɓe, aka shafe shi da kwalta aka sayar mini. Da na san itace, da na gani. Amma yawan lodin, wannan ni na yi, ba wanda ya sa ni."

Hayaniya ta ɓarke. Wani ya ce a fitar da shi, wani ya ce ƙaddara ce. Alhaji Abdulganiyyu ya leƙa ta ƙofa ya dawo da sauri.

"Ya jama'a, ku rage murya! So kuke a kwashe mu duka?"

Sa'adatu ta mayar da kuɗinta ta ƙulle.

"Kowace shekara 'yan uwanmu na tsallakowa a jiragen da ba mu san wanda ya haɗa su ba," in ji Kabo. "Samarin nan uku ba su yi wa kowa laifi ba."

"Na sani," in ji Mukhtaru. "Amma wallahi ko girshi ɗaya nawa ba zai bi ta hannunka ba."

Kabo ya dubi fuskokin ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya yarda suka haɗa ido. Ya zaro wasiƙar gwanin daga aljihu, da takardar sunayen samarin, ya miƙa wa mai gida.

"Alhaji, daga yau ba ni cikin ƙungiya. Duk abin da aka samu, ka kai wa Dawuda mataimakina da hannunka. Ka ce masa su zaɓi wani shugaba."

"Haba Malam Kabo, zauna a yi magana."

"Halas, Alhaji, an gama. Lokaci na tafiya."

Ya ɗauki takalmansa ya fita. Rana ta dake shi a lungun, ya jingina da bango. Can sai ya ji muryar Mukhtaru daga ciki.

"Alhaji, nawa ne ci da kwanan yaro ɗaya a shekara?"

Kabo bai tsaya jin amsar ba. Ya gangara wajen motocin Jidda da sauri, kada wani ya fito ya tarar da shi a bakin ƙofa.