Doguwar Gaisuwar Inna Dela

Ƙungiyar mata masu yin cuku a Dakoro ta samu mai saye daga Maraɗi, yana son ninki biyu na abin da suke yi. Mariama, shugabarsu, ta kafa tablo, babban allo, ta jera ayyuka: awo, tacewa, shanya. Aka rubuta wa kowace mace abin da ta iya.

Da aka zo kan Inna Dela, wadda ta girmi kowa, sai ta ce, "Ni kam, ɗiyata, hannuna rawa yake. Ba abin da na iya."

Gaban sunanta ya zauna fayau. Abu ɗaya aka sani: tana zama bakin ƙofa tana tsare makiyaya masu kawo madara da doguwar gaisuwa, har layi ya kai titi. Komite ya yanke a sallame ta, a sa mai sauri.

Mariama ta kasa faɗa mata. Wannan matar ce fa ta goye ta ranar da uwarta ta rasu! Da safe ta zauna kusa da ita, tana neman ta inda za ta fara.

Rhissa, makiyayi daga Azagor, ya sauke bido biyu, jarkokin madara, daga moto.

"Rhissa sarkin latti!" in ji Dela. "Ina jar saniyar nan mai ɗingishi?"

"Ta fi ki sauri yanzu, Inna. Shekaranjiya aka yi mata allura."

"Madalla. Wanne ne bidonta?"

Ya nuna. Ta ture shi gefe da ƙafa. "Wanga na kunu ne."

Mariama ta ce, "Don mi, Inna?"

"Madarar saniyar da ta sha allura ba ta yin cuku mai kyau. In ta shiga cikin saura, na ranar duka ya lalace. In kin tambayi makiyaya kai tsaye, ba mai faɗi. Amma wa zai ɓoye lafiyar saniyarsa ga mai gaisuwa?"

"Shi ne ba ki faɗa an rubuta ba?"

"Haba, gaisuwa aiki ce?"

Hawaye suka cika idon Mariama. A ranar ta tara komite, suka sake shiri: Dela na nan a wurinta, za a buɗe ƙofa ta biyu, Azara mai tacewa za ta riƙe sabuwar ƙofar in ta koyi gaisuwa wurin Dela.

"Azara?" in ji Dela. "Wadda ko akuyarta ba ta gaida wa?"

Ta gusa a kan tabarma, ta kakkaɓe gefenta.

"To, ta zo ta zauna."