Hantar da Dogara Ya Ciyar da Oga

Dogara direba ne a gidan Mista Pillai, wani Ba'indiye marubucin littattafan labari da ke zaune a birnin Lusail, can ƙasar Larabawa. Tun haihuwa jikin mutumin ba ya yin jinin kirki. Duk sati uku sai Dogara ya kai shi asibiti a ƙara masa jini leda biyu.

Abin ya tsaya wa Dogara a rai. A Zariya ko mai jego aka ce jininta ya yi ƙasa, hanta ake gasa mata, kwana goma ta miƙe. Nan kuwa Madam Latha, matar gidan, wadda takardun zaman Dogara ke hannunta, daga shinkafa sai shayi take ba mijin.

Sai ya fara nasa maganin. Duk yammar da ya kai Oga shan iska bakin teku a Corniche, sai ya zaro gasasshiyar hanta da ya sayo a Asian Town.

"Oga, ci. Wannan jini ne zallarsa."

Pillai ya dubi hagu, ya dubi dama, ya cinye har albasar. "Kada Madam ta ji."

Wata uku ana haka. Ranar awo, Dogara na tsaye bakin ƙofa riƙe da jakar Madam, likita ta dubi takarda ta ce, "Sinadarin ƙarfe ya hau sosai a jikinsa. Me yake ci?"

Dogara ya gyara tsayuwa. "Likita, aikina ne. Hanta, sau uku a sati. Ba sai an gode ba."

Likita ta yi masa bayani dalla-dalla: kowace ledar jini tana barin ƙarfe a jikin Oga, ƙwayoyin da yake sha kullum na fitar da shi ne. Hanta kuwa ƙara shi take.

"Khalas, magana ta ƙare," in ji Madam. "Gobe ka haɗa kayanka."

Dogara ya tuna gida. Gidan da yake ginawa a Zariya ko rufi bai kai ba.

Pillai ya yi gyaran murya. "Latha, shi bai sani ba. Ni na sani tun ina yaro."

Dogara ya dire jakar. "Ka sani? Ka sani kake lashe yatsa?"

"Akwai daɗi ne."

"Daɗi! Da ka faɗi a motata wa za a kama? Kai ka tafi ka huta, ni a bar ni da 'yan sanda da Larabcin da ba na ji! Ƙato da kai, furfura har a kunne, kana rubuta wa mutane littafi, ba ka iya cewa a'a ba?"

Pillai ya sunkuyar da kai kamar ɗan firamare. Madam ta daɗe tana kallo. Shekara ashirin tana faɗa, ba ta taɓa ganin wannan kan ya sunkuya ba.

"Ɗauki jakar," ta ce wa Dogara. "Daga yau duk abin da zai shiga bakinsa a waje, sai ka gani."

A mota Pillai ya yi ƙasa da murya. "Ko ƙanshin hantar ne ba zan samu ba, Dogara?"

"Oga, ɗaura bel."