Kwarin da Balki Ta Haƙa

"Kassim, ajiye shebur ɗin nan!"

Bai ko ɗago ba. Baro na uku ke nan na tsakuwa da ake juyewa a kwarin da mahaifiyarsa, maƙwabciyata Balki, ta haƙa a bayan gidanmu na haya a unguwar Highbridge, nan ƙasar waje. Jiya-jiya aka binne ta.

"Mama Sharifa, gobe addu'ar uku. Ina maza za su zauna? Cikin taɓo?"

"Haka ka ce mata a asibiti?"

Ina wurin ai. Numfashi na neman gagarar ta, amma sai da ta damƙi hannun rigarsa. "Furena na nan a ƙasa. Kada a cike wurin, watan Mayu zai fito." Ya ce, "Wallahi Inna, ba mai taɓa shi." Sai ta juyo ta dube ni, ta daɗe tana duba.

Gidanmu a gindin tudu yake, duk ruwan unguwa a kanmu yake ƙarewa. Balki ta haƙa masa wurin zama, ta dasa wani furen fadama na ƙasar nan, airis, mai saiwa kamar citta. Shuɗi ne, 'yan makonni yake yi a shekara. Da sanyi ya bushe ƙurmus, ka rantse ya mutu. Mutanen gida suka ce sauro take kiwo. Ni da na koyar da kimiyya shekara talatin a Zariya na gaya musu ruwan da ƙasa ke shanyewa a yini ɗaya ba ya ƙyanƙyashe sauro. Suka ce tun kakanni an san sharrin kwantaccen ruwa. To, shekara shida ban ga wanda ya kwanta zazzaɓi ba.

Wanda ke tura baron Malam Issoufou ne, mutumin da Balki ta ciyar wata huɗu farkon zuwansa daga Maraɗi.

"Hajiya, a yi haƙuri. Mamaci addu'a yake buƙata, ba fure ba."

"Ita ta aiko ka da wannan, Issoufou?"

Ya sunkuyar da kai, ya juye baron.

Washegari da hantsi aka jera fararen kujeru. Mu mata muna ciki, ni ina bakin taga. Liman ya roƙi Allah ya sa kabarinta ya zama dausayi daga dausayoyin aljanna. Kassim ya fi kowa ɗaga murya wurin amin.

An yi yayyafi da asuba. A ƙarƙashin kujerunsu tsakuwar ta yi duhu da laima, daidai faɗin kwarin, takalman maza suna nutsewa kaɗan-kaɗan.