Farar Riga Mai Shuɗin Hannu

Ƙarar ba ta ɓera ba ce, ba kuma ta iska ba. Wani abu ne kamar ana murza busasshen ganye, a dakata, a sake murzawa. Auta, 'yar tsohon tela, wadda ta zo riƙe gida tun da Inna ta tafi jinyar ƙanwarta, ta ɗauki tocila ta bi ƙarar har ɗakin ɗinki.

Ɗakin duhu dunɗum. Da ta haska sai ga Baba zaune a ƙasa tsakanin bandir-bandir na yadi, ya kai gefen wani kunnensa yana murzawa. Hasken ya faɗa masa tsakiyar fuska, bai ko ƙifta ba.

"Baba, me kake yi cikin duhu?"

"Hira muke yi," in ji shi. "Zo ki ji. Duk auduga ce, amma kowa da bakinsa. Wannan zare ɗaya sama ɗaya ƙasa aka saƙa shi, ya tsuke, shi ya sa yake ƙaras-ƙaras kamar sabuwar takarda. Wancan saƙar kwando ce, zare bibbiyu, muryarsa kamar ta ƙato mai mura. Mai karkataccen layin nan kuwa raɗa yake yi. Munafuki ne, amma ba ya saurin yamutsewa."

Auta ta yi dariya ta koma ta kwanta. Ai mai hali ba ya fasa halinsa. Mutumin da ya taɓa hana a share kusurwar shago don yana koyon saƙa wurin gizo-gizo, don ya yi hira da yadi ba abin mamaki ba ne. Sai dai idon nan da bai ƙifta ba ya tsaya mata a rai. Ta san babban yayansu ya rantse, ranar da ganin Baba ya gaza za a sayar da keken ɗinki a ba da hayar ɗakin. Ta kuma san abin da Baba ya ce: duk wanda zai fitar da keken, ya haɗa da gawar shi Baban.

Ranar da aka yi alkawarin karɓar ɗinki, maƙwabcinsu direba ya shigo da fara'arsa. Wani babban kamfani ya kira shi ganawa washegari, ya kuwa sa a ɗinka masa farar shat irin ta manya, mai ƙaras-ƙaras ɗin nan.

"Baba Tela, ina amaryata? Gobe sai sun ɗauka ni ne mai kamfanin!"

"Da wannan tumbin? Sai dai mai gadinsa," Baba ya ce, ya miƙa masa rigar a ninke, ta sha guga.

Direba ya warware ta a bakin ƙofa, cikin rana. Kwala a tsaye cak, maɓallai a jere, ɗinki kamar ba hannu ne ya yi ba. Jiki fari fat. Hannun dama fari fat. Hannun hagu kuwa shuɗi ne mai haske, kamar sama bayan ruwa ya ɗauke.

Bakin direba ya buɗe, ya ƙi rufuwa. "Baba... sabon yayi ne?"

"Me ya faru? Kwalar ce ta matse?"

Tsohon ya karɓi rigar, ya murza jikinta a kunne, ya murza hannun hagu, ya sake murza jikin. "Yadi ɗaya ne," ya ce. "Uwa ɗaya uba ɗaya."

Auta ta dubi idanunsa. Ta matso a hankali, ta ɗaga tafin hannunta ta kaɗa a gaban fuskarsa. Idanun suna buɗe, suna kallon wani wuri can bayanta. Ta sauke hannunta.

"Baba, hannun hagu shuɗi ne."

Baba ya ajiye rigar. Sannan ya lallaba ya janyo bandir ɗin da ya yanka, ya bi gefensa da yatsu daga farko har ƙarshe.

"Ba ƙulli," ya ce. "Innarku kan ƙulla mini zare a gefen duk mai launi. Wanda ba ƙulli, fari ne. Wannan bayan tafiyarta aka kawo shi. Farin ya ƙare mini kafin hannun hagu, na nemo ɗan'uwansa da kunne." Ya shafa yadin kamar yana lallashin yaro. "Komai na auduga yana magana, Auta. Launi ne kaɗai kurma."

Wayar Auta ta fara ruri a hannunta. Yaya ne, da gaisuwarsa ta kowace safiya, wadda kullum take ƙarewa da "Ya idon Baba?"

"Ki samo mini farin, ki sa mini a hannu," in ji tsohon, ƙasa-ƙasa. "Kafin rana ta faɗi zan sauya shi. Ba sai kowa ya ji ba."

Wayar ta ci gaba da ruri. Direba ya sunkuya ya dubi shat ɗin da ke jikinsa, mai siraran layuka, waɗanda suka haɗu a kafaɗa baki da baki, ko ɗaya bai kauce ba.

"Auta," ya ce, "wannan ta jikina, da ya ɗinka mini bara... lokacin yana gani?"